Sifikar Taga

Ni mutum ne mai son sauti, kuma ban taɓa jin nauyin faɗin haka ba. Lokacin da aka ba mu jiha aka dawo da mu Gusau daga Sakkwato, abokan aikina wasu mota suka sa a gaba, wasu fili. Ni kunnena na bi. Tun ina saurayi a Bungudu, in rediyo na shaƙewa sai in ji kamar ni aka kama wa maƙogwaro. Saboda haka da wani aiki ya kai ni Kano na ga na'urar nan a shagon masu gwanjon kayan lantarki, ban nemi shawarar kowa ba, na sa aka ɗaure min ita a kwali na hau mota.

Baƙin akwati ne mai faɗi, da 'yar fitila koriya a goshi da ramukan waya reras a ƙeya. Ba ya cin kaset, ba ya kama tasha. Aikinsa ɗaya ne: ya karɓi sautin da ke fitowa daga bidiyo ko rakoda, ya rarraba wa sifiku biyar. Manya biyu a gaba, dama da hagu, su ke ɗaukar kiɗa. Ƙarama ɗaya a tsakiya, bisa talabijin, ita ke da maganar mutane. Biyu kuma a baya, nasu ne ruwan sama da iska da duk motsin da ake so ka ji kamar a bayanka ya faru. Matata ta tsaya ta saurari wannan bayani har ƙarshe, sannan ta ce ashe mai rabon gado na sayo mana. Sunan ya bi shi, daga ranar kowa a gidan Mai Rabo yake ce masa.

Da hannuna na haɗa shi, wata Asabar. Falonmu irin na kowa ne, kujeru sun bi bango sun zagaye, tsakiya kafet. Shi kuwa Mai Rabo so yake mai sauraro ya zauna a tsakiyar ɗaki, ya ba rabin jama'a ƙeya. Wanda ya ƙera shi bai taɓa karɓar baƙi ba, na tabbata. Sai na ja doguwar kujera na jingina ta da bangon da ke fuskantar talabijin, ƙarƙashin tagar da ke kallon rumfar tsakar gida, na kafa ƙusa dama da hagun tagar na rataye sifikun baya. Wayoyin da suka zo da su gajeru ne, na shiga kasuwa na yanko doguwa, na bi da ita gefen kafet ina dannewa da ƙananan ƙusoshi don kada wani ya yi tuntuɓe. Na sa masa sitabilaiza mai daidaita wuta, tasa shi kaɗai, domin wutar Gusau ta wancan lokaci in ta ga dama ta zo kamar za ta ƙone gida, in ta ga dama ko kwan fitila ba ta cika ba.

Akwai wani maɓalli na gwaji. In ka danna shi sai wata ƙara mai kama da ta man suya ta riƙa zagaya ɗakin, daga wannan sifika zuwa waccan, kai kuma kana murɗawa har ƙarfinsu ya zo daidai a kunnenka. Na wuni a kan wannan. Kwanukan matata da ke jere a kabad suka kama rawa duk lokacin da manyan sifikun suka yi gurnani, sai da na bi su ɗaya ɗaya na sa musu tsumma a tsakani. Da na gama na saka wani kaset na asali da mai shagon ya haɗo min da shi. Ana cikin fim ɗin aka kece da ruwa, matata ta tashi a guje za ta kwashe shanya, alhali rani ne tsagwaronsa. Ta dawo tana harara ta, ni kuwa daɗi ya cika ni.

Sai dai ban daɗe ba na gano halinsa. Kasusuwan da ake haya a gari yawancinsu an kwafo su ne daga wanda aka kwafo, sautinsu zare ɗaya ne tal. In ka ba Mai Rabo irin wannan, sai ya duba ya ga babu abin rabawa, ya tattara duka ya miƙa wa 'yar sifikar tsakiya. Sauran huɗun su yi tsit. Ranar farko na fusata, na bi wayoyi ina cirewa ina mayarwa, ina zargin mai shagon. Daga baya na fahimci ba lalacewa ya yi ba, ƙa'idarsa ke nan: duk abin da ya zo da murya ɗaya, na tsakiya ne. Na haƙura, na riƙa neman kaset na asali wurin masu zuwa Kano da Legas.

Ana nan sai Inna, mahaifiyata, ta zo daga Bungudu za ta zauna da mu na ɗan lokaci, saboda asibiti na son a riƙa auna jininta. Likita ya kuma gaya min kunnenta ya yi nauyi. Ita ba ta yarda ba. Cewa ta yi mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana.

Dole in faɗi wani abu game da Inna da Yaya, babbar yayarmu, in ba haka ba abin da ya biyo baya ba zai shiga ba. Yaya ce 'yar farinta. Ana yaye ta aka kai wa kakarmu, can ta girma. A tsawon rayuwata ban taɓa jin Inna ta ambaci sunanta ba, ban taɓa ganin ta zauna sun yi hira ba. In wata mata na da irin sunan, sai Inna ta laƙa mata wani. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da, kuma Inna ta riƙe ta da hannu biyu. Yaya ta bi mijinta aikin hajji suka zauna a Jidda, shekaru suka yi ta tafiya ba ta zo gida ba. Ba ta yi boko ba, wayar tarho kuwa a lokacin sai gidan wane da wane. Don haka kaset take aikowa. Ta zauna gaban rakoda ta gaishe da kowa, ta ba da labari, ta ba wani alhaji mai dawowa ya kawo.

A Bungudu, in kaset ɗin ya iso, a kan tabarma ake ajiye rakoda a tsakar gida, kowa ya taru. Ana dannawa Inna za ta miƙe ta shige ɗakinta, wai za ta gyara gado. Ɗakin nata kuwa, na gabas, ƙofarsa na dab da tabarmar, asabari kawai ke tsakani. Duk mun san tana bayan asabarin. Ba wanda ke ɗaga ido ya dubi wajen, har yaran gida sun san wannan.

Inna na gidana sai saƙo ya zo cewa wani Alhaji mai fataucin hatsi a Tsafe ya dawo daga Umara da kaset ɗinmu. Na hau mota ranar hutu, na wuce dutsen Kwatarkwashi na isa. Alhajin bai sake ni ba sai da na ci tuwo. Ya ce ya ga Yaya da idonsa, lafiyarta ƙalau, sai dai ta ɗan faɗa. Na dawo da kaset ɗin a aljihun gaba, ina ta murna yau za a ji muryar Yaya yadda ba a taɓa jin ta ba.

Bayan la'asar na haɗa rakoda da Mai Rabo, muka zauna a falo. Kamar yadda na zata, Inna ta ɗauki faifanta na zogale ta fita rumfa, ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin taga. Muryar Yaya ta fito daga sifikar tsakiya tas, har numfashinta ana ji. Na saurara har ƙarshe ina gyaɗa kai, rabi don labarin, rabi don na'urata.

Da muka keɓe matata ta ce min Inna ba ta ji komai ba. Ta fita ɗauko ruwa bayan kaset ya ƙare, ta tarar da ita zaune ta karkata kai wajen taga, hannunta a cikin ganye, tana ta sauraro. Ba ta san an daɗe da gamawa ba. Wannan magana ta soke ni. Sifikar tana can ƙuryar falo bisa talabijin, tsakaninta da Inna akwai faɗin ɗaki da kujera da bango, ga kunnen da ya yi nauyi. Kuma na san ko za ta shekara a haka, ba za ta buɗe baki ta ce a sake mata ba.

Washegari na sake sakawa, na murɗa ƙara har maƙwabta suka san muna da 'yar'uwa a Jidda. Inna ta gane don wa aka yi. Ta naɗe tabarmarta, ta koma can bayan kicin, tana cewa gidana ya zama tashar mota. Matata ta gwada tata dabarar, ta zauna kusa da ita tana ba ta labarin abin da ke cikin kaset ɗin kamar hira ce kawai. Inna ta katse ta da tambayar ko an sa wa miya kanwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushin wannan al'ada, na ji haushin tsohuwar da ta fi son ta rasa muryar ɗiyarta da a gan ta tana nema. Amma ni ba zan je in tsaya gaban Inna in ce ta sauya halin da ta tsufa da shi ba, kuma ko na je ba za ta sauya ba. Abin da ake bukata shi ne muryar ta same ta inda take zaune, a hankali, ba tare da kowa ya nuna ita aka nufa ba. Wannan kuwa aikin waya ne, kuma waya na san ta.

Na jira safiyar da matata ta raka Inna asibiti. Na sauke sifikar baya ta hannun dama daga ƙusarta, na zaunar da ita a kan dakalin taga tsakanin ƙarafa, na juya fuskarta waje. Na san juyawar kaɗai ba za ta yi komai ba, tunda kaset ɗin Yaya murya ɗaya ce, Mai Rabo ba zai ba sifikun baya ko tari ba. Sai na zagaya ƙeyarsa, na zare wayar sifikar tsakiya, na cusa doguwar wayar sifikar taga a gurbinta. Shi bai san an yi ba, yana nan yana miƙa magana ga ramin da ya saba. Na saka kaset, na fita rumfa na zauna daidai inda Inna ke zama, na kara kunnena a tsayin nata. Na shiga na fita, na shiga na fita, ina ragewa ina ƙarawa, har na samu abin da nake so: mai zama a wurin zai ji kamar a kafaɗarsa ake magana, wanda ke ƙofar gida kuwa ba zai ce ana wani abu ba.

Da rana muna cin abinci na ɗaga murya na gaya wa matata cewa sifikar nan zafi take yi, dole sai an ajiye ta inda iska ke shiga, kada wanda ya taɓa ta. Matata ta sunkuyar da kai cikin kwano don kada dariya ta tona mu. Inna ta dubi tagar, ta dube ni.

“Abin ga naka ya hi jariri son lallashi,” in ji ta.

Saura dalilin sake saka kaset, don in na saka haka kawai za ta gane. Allah ya taimake ni ƙanwata da ke aure a Nahuce ta zo duba Inna, ita kuma ba ta ji saƙon ba. Muka zauna a falo bayan la'asar. Inna ta ɗauki faifanta ta fita. Ni ina kan doguwar kujera, tagar na bayana, na danna rakoda ban waiwaya ba.

Yaya ta fara da sallama, ta yi wa Baba da sauran mamata addu'a, sannan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, manya kafin ƙanana. Ita ma ba ta kiran Inna kai tsaye, haka suka saba. Sai da ta gama da kowa ta ɗan yi shiru, ta yi tari, sannan ta ce a gaishe mata da mutanen ɗakin gabas, a ce tana nan lafiya. Ƙanwata ta yi ta waige-waige tana mamakin yadda magana ke fitowa ta bayanta, na yi mata alama da ido ta zauna daidai. Matata, da ke leƙe daga kicin, ta gaya min daga baya cewa tun daga sallamar hannun Inna ya tsaya. Reshen zogalen da ta ɗauka yana nan a hannunta har kaset ya ƙare, ko ganye ɗaya ba ta tsinka ba. Yana ƙarewa kuma ta ci gaba da aikinta.

Ban mayar da wayar ba. Abokan aikina da ke zuwa kallo ranar Lahadi suka samu abin yi. Ga bakin ɗan wasa na motsi a gaba, ga maganarsa na fitowa ta taga a baya, rabinta ma tsakar gida take tafiya. Wani a cikinsu, mai ganin ya fi kowa sanin kayan lantarki, har ya naɗe hannun riga zai gyara min. Na ce ya zauna, ni na haɗa abina kuma haka nake son sa. Suka yi ta tsiya wai na sayo doki na ɗaure masa sirdi a wuya. Na bar su suka yi ta yi, ban ba kowa dalili ba, don maganar Inna ba ta zaman kallo ba ce.

Kwana kaɗan bayan haka Alhajin Tsafe ya aiko cewa wani ɗan'uwansa zai tafi, in muna da saƙo mu shirya. Ana gobe za mu ɗauki namu kaset, Inna ta kira matata ta miƙa mata ƙulli: citta da kanumfari da masoro, da kwalbar zuma da ta taho da ita daga Bungudu.

“In za a yi aike, a sa wanga ciki,” ta ce, idonta na wani wuri. “Tarin ga bai yi min daɗi ba.”

Ba ta faɗi tarin wa ba, matata kuma ba ta tambaya ba.

Ranar ɗauka muka taru a falo. Inna ba ta taɓa yin magana a kaset ɗin da za a kai wa Yaya ba, ba mu kuma sa rai ba. Matata ce ta ɗauki rakodar ta ɗora a dakalin taga kusa da sifikar, wai nan ne ba a jin ƙarar fanka. Na fara, ƙanwata ta karɓa. Tana tsakiyar ba da labarin damina sai muka ji muryar Inna daga rumfa, da ƙarfin da ban san tana da shi ba, tana korar kaji. Ta ce su tashi su ba ta wuri. Ta ce kada su ga ta zauna su zaci ta gaza.

“Ni lahiyata lau,” take gaya musu. “Ina ci, ina sha, ƙahwata na kai ni inda nika so. Ku tahi, Allah shi tsare.”

Gidan haya ne, siminti ne ko'ina, ba mu da kaza ko ɗaya. Ƙanwata ta toshe baki da mayafi, hawaye na zubo mata. Na bar rakodar na juyawa har Inna ta gama da kajinta, ban goge komai ba.

Jininta ya daidaita ta koma Bungudu. Falon ya koma hannuna, na samu sababbin kaset na asali, amma sifikar na nan a taga, ƙura na hawa matata na gogewa. Na saba da jin magana ta bayana har in na je gidan wani na ga murya na fitowa daga talabijin sai in ji wani iri.

Da alhazai suka fara dawowa bayan babbar salla, sai ga Inna a Gusau da 'yar jakarta, ba wanda ya aika mata. Ta ce gwiwa ce ke damunta, tana son likita ya gani. Na lura da ƙafar dama ta ɗingisa da ta shigo, da yamma kuma ta hagu. Na shirya na tafi Tsafe, na dawo da kaset.

Aka zauna kamar kullum, ita a rumfa da faifanta, mu a falo. Yaya ta gaishe da kowa, ta ba da labarin 'ya'yanta da tsadar gidan haya a can. Muryarta ta washe, babu tarin. Can wajen ƙarshe ta yi irin shirun nan nata, sannan ta ce:

“Zuma ya iso, na sha, na samu sauƙi. Kajin da anka kora kuma na ji su. Kullum sai na maido wurin na saurara.”

Kaset ya ci gaba da juyawa babu magana, sannan ya tsaya. Sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙarfen taga da gefen faifai, daidai ƙeyata.

“Kai,” in ji Inna, “abin ga naka ya shaƙe wajen ƙarshe. Maido shi baya kaɗan.”

Mai Rabo bai taɓa shaƙewa ba tun ranar da na kawo shi, kuma da wani ne ya faɗi haka da sai mun kai ruwa rana.

Na ce, “Ya shaƙe, Inna.”

Na tashi na mayar da kaset ɗin baya.